Ƙafar Kofur Imoru

Duk wanda ya zauna a Tamale a shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Gana ya san Kulob ɗin Masu Babur. In bai san su da ido ba, kunnensa ya san su. Akawuna ne da 'yan kwangila da masu kanti a bakin kasuwa, kowanne da farar riga mai guga da baƙin tabarau, ran Lahadi su jero ta unguwar Nyanshegu suna ta da hankalin awaki da na masu barcin rana. Da farko ba su da wani suna a gari sai 'yan iyayi. Sai wani mai wayo a cikinsu ya gano cewa in mutum ya ce yana taimakon tsofaffin sojoji, ba mai iya zaginsa a fili. Shi ke nan, aka wayi gari sun zama masu jinƙai. Mai wayon nan shi ne Mutaru, ciyaman ɗinsu, kuma bai sha wahalar neman tsohon soja ba, don akwai guda a bayan gidansa.

Kofur Imoru ƙanin mahaifin Mutaru ne. Ya baro ƙafarsa ta dama a yaƙin Bama, daga ƙasan gwiwa, ya dawo da lambobin yabo da tari mai taurin kai. Shi da matarsa Sahada ba su da ɗa a raye, suna zaune a ɗakin ƙarshe na gidan, jikin turken awaki. Sahada tana soya ƙosai a ƙofar gida da safe, shi kuma ya dogara sandarsa ya fito ya zauna kusa da ita yana kore mata ƙuda. Tuwon dare kuwa daga tukunyar Zuleha matar Mutaru yake fitowa, kuma ba a taɓa barin su sun manta da hakan ba.

Kulob ya haɗa hannu aka sassaƙo wa tsohon ƙafar katako a Kumasi. Ba wanda ya kai shi a gwada shi. Mutaru ne ya ɗauki igiya ya auna lafiyayyar ƙafar, ya ƙulle inda ta tsaya, ya ba wani direban lori ya tafi da ita. Ka ji aikin masu ilimi. Ƙafa ta zo tana sheƙi, da ɗamarun fata, da baƙin takalmi a ƙasanta, har an zana mata jan layi da kore irin na tutar kulob. Tsawo daidai. Amma ramin da dungulmin zai shiga ya matse.

Ranar da aka miƙa ta a filin ƙwallo, gaban makaɗa da mai hoto, Sahada kuka ta yi. Ta ga mijinta ya miƙe ba sanda, ya ƙame, ya sara wa jama'a kamar yadda ya saba a bariki. Ta yi ta sa wa Mutaru albarka har muryarta ta dushe. A ranta ta riga ta gama tsara cewa za ta kai ƙafar wurin kafinta ya ɗan rarake ramin, ta sa tsumma mai laushi a ciki, Kofur ya riƙa zuwa masallacin Juma'a da kansa.

Ba a yi sallar magariba ba sai ga Mutaru a ƙofar ɗakinsu. Ya durƙusa, ya gaishe su cikin ladabi, ya ce a ba shi ƙafar ya adana. Wai ɗakinsu yana da laima, ga gara, ga fitsarin awaki. Wai kayan kulob ne, in ya lalace shi za a tuhuma. Sahada ta ce ai ta ɗauka Kofur aka ba.

“An ba shi mana, Mma,” in ji Mutaru. “Ba ki ga an ɗauki hoto ba?”

Ya naɗe ta cikin zane ya kai zaure, inda babur ɗinsa yake kwana a kulle. Can ta zauna, kusa da babur, tsumma ɗaya ake goge su da shi. Kofur ya koma kan sandarsa.

Ashe da abin da Mutaru yake ƙullawa a ransa. Bayan 'yan makonni kulob ya shirya zuwa Savelugu, aka fito da ƙafa, aka goya tsoho a bayan babur. A can ma aka tara jama'a, aka buɗe zane, aka miƙa wa Kofur Imoru sabuwar ƙafa, mata suka yi guɗa. Aka yi haka a Walewale. Aka yi a Yendi. Ƙafa ɗaya, tsoho ɗaya, kyauta ba iyaka. Imurana, sakataren kulob, wani siririn akawu mai son jin muryarsa, shi ya koya wa tsohon abin da zai riƙa faɗa: ya ce shekara da shekaru yana jan jiki, gwamnati ta manta da shi, sai yau Allah ya kawo masa 'ya'ya masu babur. In ya manta wani wuri, Imurana ya raɗa masa ta baya. Da Sahada ta yi maganar kafinta kuwa, Mutaru cewa ya yi ba mai sa kurfi a jikin kayan Kumasi, fenti zai ɓare a gane ba sabuwa ba ce.

Daga Yendi ne Kofur ya dawo da ƙujewa a gefen dungulmin. Ƙaramin abu ne, bai fi faɗin ƙosai ba. Sahada ta wanke da ruwan zafi da gishiri, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure. Da an bar shi ya huta da ya warke. Amma damina ta shigo, ɗakinsu yana yoyo, kuma kafin ɓawon ya bushe aka sake cusa shi cikin katako aka tafi Tolon. Ya dawo zanin ɗaurin ya manne da nama. Da ta ɓamɓare shi, tsohon da bai yi kuka a Bama ba sai da ya ciji matashi.

Tun daga ranar Sahada ba ta da wata magana sai ta asibiti. Asibitin nan ba a wata ƙasa yake ba, a cikin garin yake, mai babur kafin ya gama taunar goro ya isa. Ta sami Mutaru da safe, ya ce babur yana son gyara. Da rana ta ji shi ya tashe shi ya tafi ɗaurin aure Sagnarigu. Ta same shi washegari, ya ce hadari ya haɗo, ruwa ba ya yi wa inji kyau. Ta sake samunsa, ya ce mutanen asibiti ba su san komai ba sai yanka, ita da ta iya maganin gargajiya me take nema wurinsu. Kowace rana da irin tata hujjar, kuma duk cikin ladabi yake kawo su, yana durƙushe, yana Mma kaza Mma kaza. Ladabin nan ya fi zagi ƙona mata rai.

Ana cikin haka wata magana ta taso wadda ta hana 'yan kulob barci. Aka ce wai akwai dokar da ake shirin kaiwa majalisa a Akra, za a hana goyo a babur saboda yawan haɗari. Ba wanda ya ga dokar da idonsa, amma kai ka ce an ce za a hana su numfashi. In an hana goyo, wa za su riƙa ɗauka suna zaga gari da yamma? Suka yi ta taro a zauren Mutaru, har suka samu wani ɗan majalisa na yankin ya yarda zai zo ya saurare su idan ya shigo Tamale ƙarshen wata. Suka kuma tsayar da hujjar da za su kafa masa. Sahada tana tsugune a bakin rijiya tana wanke tsummokaran miki ta ji Imurana yana gwada jawabinsa a zaure, yana maimaitawa yana gyara murya: wai su 'yan kulob ba don nishaɗi suke goyo ba, su ne suke ɗaukar tsofaffin sojoji marasa ƙafa su kai su asibiti kyauta, ko da rana ko da ruwa. Sauran suka tafa masa. Ta tsaya da wankin, ta dubi ruwan da ya koma ja a cikin kwano, ta ci gaba.

Da yamma ta tare Mutaru a tsakar gida, ba ta jira ya durƙusa ba. Ta ce ta ji jawabi, ya yi daɗi, to ga tsohon soja marar ƙafa nan a bayan gida, a fara da shi. Nan ne ya faɗi gaskiyarsa, don ta ƙure shi. Ya ce in aka kai Baba yanzu kwantar da shi za su yi, ba za su sake shi ba sai bayan wata, ɗan majalisa kuwa ba zai jira ba. Wa za a nuna masa? Ya ce ta yi haƙuri, da an gama taro, a ranar, shi da kansa zai kai shi, a kan babur ɗinsa, har gaban likita.

Mikin bai san da ɗan majalisa ba. Ya faɗaɗa, bakinsa ya yi baƙi, wari ya fara fitowa har Zuleha ta hana 'ya'yanta zuwa bayan gida, ta koma aiko da tuwo a ajiye a bakin turke. Zazzaɓi yana kama Kofur da la'asar ya sake shi da asuba. Ya daina fitowa wurin ƙosai. Sahada ta dafa ganyen darbejiya, ta nemo garin magani wurin wanzami, ta yi duk abin da ta sani, abu sai gaba yake. Tsoro ya kama ta sosai.

Wata safiya da Mutaru ya fita, ta je bakin kasuwa ta yi magana da wani mai amalanke ya zo ya ɗauki mijinta. Amalanke ya tsaya a ƙofar gida, sai ga Zuleha ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ce wannan wane irin tonon asiri ne? Uban ciyaman guda a kan amalanke kamar buhun doya, a bi da shi ta tsakiyar gari, ana saura kwana kaɗan babban baƙo ya zo? Ta ce in Mma ta gaji da zama da su ne ta faɗa, ba sai ta ɓata wa mai gidan suna ba. Ta kori mai amalanke. Abin da ya fi ci wa Sahada rai shi ne, da ta koma ɗaki, Kofur ma bai goyi bayanta ba. Yana kwance yana kallon rufi ya ce ta bari.

“A gidansa muke, Sahada. In ya ce mu fita, ina za ki kai ni? Na jure abin da ya fi wannan. Bari taron ya wuce.”

Ta ce ƙafar ba ta jira. Ya juya fuska bango.

Ranar taro gari ya waye da rana mai kyau. Tun da hantsi Mutaru da Imurana suka shigo da ƙafa a naɗe, ta sha sabon fenti. Da Sahada ta kwance ɗaurin, Imurana ya toshe hanci ya koma bakin ƙofa. Dungulmin ya kumbura ya kusa kai cinya kauri, ko makaho ya shafa ya san ba zai shiga ramin nan ba. Sahada ta ce su ji tsoron Allah, su bar shi ya je da sandarsa. Mutaru ya ce da sanda ai kowane gurgu yana da ita, abin da ɗan majalisa zai gani shi ne aikin kulob. Ya sa aka kawo man kaɗenta, wanda take jinya da shi, ya lafta a cikin ramin. Imurana ya danne kafaɗun tsohon, Mutaru kuma ya tura. Kofur bai yi ihu ba. Wani sauti ne kawai ya fito masa ta hanci, idanunsa suka juye, gumi ya jiƙa tabarma. Suka ɗaure ɗamaru, suka sa masa tsohon kakinsa da lambobin yabo, Mutaru ya zazzage masa kwalbar turare tun daga wuya har gwiwa. Suka ɗora shi a babur, aka ɗaura shi da rawani a jikin Mutaru don kada ya faɗo.

Sahada ta bi su da ƙafa. Kafin ta isa fili an fara. Ɗan majalisa yana zaune a inuwar rumfa, ƙato, da zanen kente, saƙar Gana, a kafaɗa, yana fifita da hularsa. Babura sun jeru suna ƙyalli. Kofur Imoru kuwa yana tsaye a rana tsakiyar fili, shi kaɗai, don kowa ya gan shi da kyau. Imurana ya yi jawabinsa, bai rage ko kalma ba, har wurin ko da rana ko da ruwa. Ma'aji ya yi nasa. Wani ɗan kwangila da ba a sa shi cikin tsari ba ya karɓe ya yi nasa. Mutaru ya tashi ya ce wannan tsoho da kuke gani ubana ne, ban taɓa barin ƙuda ya sauka a kansa ba. Daga inda take tsaye cikin mata Sahada tana hango ƙudajen, sun taru baƙi ƙirin a gwiwar wandon, inda wani danshi yake faɗaɗa a hankali.

Ɗan majalisa ya taso ya miƙa wa Kofur hannu, ya ɗan yamutsa fuska, ya ja baya kaɗan. Ya ce ya ga abin da ya gani, zai kai kukansu gaba, ƙasa sabuwa tana bukatar matasa irin waɗannan. Kofur ya ɗaga hannu ya sara. Yadda aka yi ya tsaya har ƙarshe, Allah kaɗai ya sani.

Ana tashi, baƙo ya shiga motarsa, sai kowa ya ruga wurin babur ɗinsa. Ashe an shirya za a raka shi har bayan gari, kuma ciyaman ne a gaba. Sahada ta kutsa ta riƙe hannun rigar Mutaru ta ce alkawari fa. Ya ce yanzun nan zai dawo, Mma, rakiya ce kawai, ba ya yiwuwa a ce ciyaman ba ya ciki. Ya fizge ya tafi. Babur sama da goma a garin nan masu kai tsofaffin sojoji asibiti kyauta, duk suka bi bayan mota ɗaya suna busa ƙaho. Ƙararsu ba ta gama ɓacewa ba Kofur ya sulale ya faɗi.

A amalanke dai aka kai shi, ta tsakiyar gari, da kakinsa da lambobinsa, Sahada tana biye tana riƙe masa kai. Da ma'aikatan asibiti suka kwance ɗamaru suka zare katakon, wata ma'aikaciyar jinya da ta ga abubuwa da yawa a rayuwarta sai da ta fita waje. Likita ya tambayi Sahada ta bakin tafinta tun yaushe abin ya fara, ta faɗa masa. Ya ce da an kawo shi a makon farko, wanki da allura sun isa. Yanzu dafin ya shiga jini, za su yanke sama da gwiwa su gani, amma kada ta sa rai da yawa. Ya tambaye ta ko gidansu yana da nisa ne. Ta ce a'a.

Mutaru bai zo ba sai washegari, don rakiyar ta zarce da walima. Ya zo da lemo a jakar takarda, ya tsaya daga ƙofa, ya ce sannu Baba, ga wanda ba ya jin sa. Sannan ya ja ma'aikaciyar jinya gefe. Sahada ta ɗauka jikin zai tambaya. Sai ta ji yana cewa akwai wani katako da aka zo da shi jiya, kayan ƙungiya ne, a ina aka ajiye? Aka nuna masa bayan ɗaki inda aka jefar da shi. Ya sa aka wanke masa, ya ɗaure a bayan babur. Ƙafar dai ta samu wanda ya kai ta gida.

Kofur Imoru ya rasu ran Alhamis da hantsi, hannunsa cikin na Sahada. Jana'izarsa kuwa ba a taɓa ganin irinta a Nyanshegu ba. 'Yan kulob suka jeru gaba da bayan makara suna tafiya a hankali, kowanne da baƙin ƙyalle a hannun babur. Mutaru ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Mutane suna ta cewa Allah ya ba kowa ɗa irin wannan. Dokar hana goyo kuwa ba wanda ya sake jin labarinta, 'yan kulob suka ce su suka kashe ta.

Ranar addu'ar bakwai Sahada tana zaune a ɗakinta cikin takaba, an sauke asabari, masu gaisuwa suna tsayawa daga waje su yi ta'aziyya su wuce. Ba ta da sauran hawaye. Can ta ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan daɓe, irin wadda ta saba ji shekara da shekaru. Wani tsoho ne ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce sunansa Awudu, daga unguwar Nyohini yake, tare suka yi Bama da marigayi, jirgi ɗaya ya dawo da su, sai jiya labari ya same shi. Ya yi addu'a mai tsawo. Ta cikin asabari tana ganin rigarsa mai faci, da ƙafa ɗaya a cikin tsohon takalmin taya.

Bai gama shafawa ba ta ga Mutaru ya baro baƙinsa ya nufo su da sauri, da kujera a hannu. Ya zaunar da tsohon, ya durƙusa a gabansa, ya sa aka kawo masa koko da ƙosai. Ya tambaye shi wa yake kula da shi, tsoho ya ce sai Allah, yana kwana a zauren wani mai goro. Mutaru ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wannan ba daidai ba ne, mutumin da ya yi wa ƙasa yaƙi, ga ɗaki nan zai zama ba kowa nan ba da daɗewa ba. Ya ɗaga hannu ya yafito Imurana. Sannan ya sa yatsu biyu ya ɗaga gefen rigar tsohon a hankali, ya leƙa.

“Baba, ta dama ce, ko?”

Awudu ya ce ta dama ce, daga ƙasan gwiwa.

“Alhamdu lillahi,” in ji Mutaru.